Amsoshin Tambayoyinku: Tseren Motocin Hawan Dutse

Malam mai sauraronmu daga Gummi, ka tambayi tarihin tseren motocin hawan dutse. To, mafi kusa da kai shi ne tseren motoci na bikin kamun kifin Argungu. Amma na hawan dutse da ya fi suna yana Pikes Peak, a jihar Kolorado ta Amurka, tun 1916. Hanyar kusan kilomita 20 ce, lanƙwasa 156, ga rami a gefe mai tsinka zuciya. Can ƙololuwa iska takan yi ƙaranci, injin fetur sai ya riƙa shaƙewa. Motar lantarki kuwa ba ruwanta da iska. A 2018 direba Romain Dumas ya haye da ta Volkswagen cikin ƙasa da minti 8.