Yadda Mai Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya Ke Tafiyar da Yininsa

Ba shan zaƙi ne ke kawo ciwon suga nau'i na ɗaya ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, shi ya sa mai shi ba shi da makawa sai allura muddin ransa. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, cutar ba ta barin mai ita ya daɗe. Yau ana tsufa da ita, amma sai da reno kullum.

Da ka tashi da safe, kafin komai ya shiga bakinka, wanke hannu ka goge, ka huda gefen yatsa, ka ɗiga jinin a kan tsinken na'urar gwaji. Wankin nan ba don tsafta kaɗai ba ne. Ragowar dabino ko mangwaro a yatsa kan sa na'ura ta yi maka ƙarya. Ga babba, ana so lamba ta tsaya tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, kuma kada ta haura 180 awa biyu bayansa. Rubuta ta a ɗan littafi, domin da shi likita zai gyara maka adadin allura.

Sai allurar. Idan mai launin madara ce, murza kwalbar a hankali tsakanin tafukanka, kada ka girgiza ta. A ciki ake yi, ko cinya, ko bayan dantse, kuma a riƙa sauya gurbi. Wanda ya nace wa wuri ɗaya don ya fi sauƙin zafi, wurin kan yi ƙulu, magani ya daina shiga jini yadda ya kamata.

Allura ta shiga, abinci ya zama dole a kan lokacinsa. Ba a hana ka tuwo ko shinkafa ba, sai dai ka san girman malmalarka, ka yawaita ganye da wake. Kunu da fura mai suga suna da saurin ɗaga lamba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne faɗuwar suga. Karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa ta farat ɗaya, faɗa ba dalili: gwada nan take. In lamba ta gaza 70, sha giram 15 na suga, wato babban cokali ɗaya a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba, ka jira minti 15, ka sake gwadawa. Kada ka fita kasuwa ko gona ba alawa a aljihu, kuma ka sanar da abokan zamanka. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Zafi yana kashe insulin, ƙanƙara ma haka. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son firiji, wadda aka buɗe kuwa galibi kwana 28 ne wa'adinta. To ina wuta a garuruwanmu? Sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, cika tsakaninsu da yashi mai lema, ƙulle maganin a leda ka sa a ciki, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ko ba ka ci ba, kada ka dakatar da allura gaba ɗaya. Yawaita gwaji da shan ruwa. In amai ya haɗu da lamba sama da 250, asibiti za ka. Maganar azumi kuwa, da likita ake yanke ta tun kafin watan ya kama. Duk wanda ya ce maka ka ajiye allura ka koma sassaƙe ko garin zogale, ka gode masa, ka ci gaba da allurarka.