GAƁAR KWATANGWALO: AIKINTA DA YADDA ZA A KIYAYE TA

Manomin da ya sunkuya da fartanya a gonakin Sakajiki, da macen da ke ɗauko ruwa, da tsohon da ke tashi daga sujada, duk gaɓa guda suka dogara gare ta, watau gaɓar kwatangwalo. In ta lalace, noma ya tsaya. Saboda haka ya kamata kowane magidanci ya san ta.

Ginin gaɓar

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin mutum. Kansa mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi na ƙashin ƙugu, kamar taɓarya cikin turmi. Guringuntsi ya lulluɓe su duka biyu, da ruwa mai santsi tsakaninsu. Wannan gini ne ya sa cinya ke motsi iri 6: gaba, baya, buɗewa, tsukewa, juyawa ciki, da juyawa waje. Sa'ad da mutum ke tafiya, nauyin da ke sauka kan gaɓar yakan kai kamar ninki 3 na nauyin jikinsa.

Tsokokin da ke motsa ta

Ta gaba akwai tsoka da ta taso daga ƙashin baya, ta ratsa ta matse-matsi, ita ke ɗaga cinya in za a hau jaki. Babbar tsokar ɗuwawu ita ke miƙar da mutum daga tsugunne. Tsokokin gefe kuwa su ke riƙe ƙugu daidai in ƙafa ɗaya ta bar ƙasa; in sun raunana, sai a ga mutum yana tafiya yana karkata. Na cikin cinya su ke matse sirdi.

Motsa jiki

Wanda yake yini bisa babur ko keken ɗinki, ya yi waɗannan kowace safiya bisa tabarma:

1. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka sauke a hankali. Sau 10.
2. Ka kwanta ta gefe, ka ɗaga ƙafar sama a miƙe, ka sauke. Sau 10 kowane gefe.
3. Ka jawo gwiwa guda zuwa ƙirji, ka riƙe har ka ƙirga 20, sa'an nan ka sake ƙafa.

In ka ji zafi mai suka, ka daina.

Cututtukan da ba a wasa da su

Na farko sikila. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya sirara ne ƙwarai. In jinin mai sikila ya toshe su, ƙashin yakan mutu, ya lotsa. Alamarsa ciwo a matse-matsi da ɗingishi. Wani lokaci a gwiwa ake jin ciwon, alhali kuwa a kwatangwalo yake.

Na biyu, yaro mai zazzaɓi wanda ya ƙi taka ƙafa. Mai yiwuwa mugunya ce ta taru cikin gaɓar, kuma cikin 'yan kwanaki takan cinye guringuntsi. Kada a ja ƙafar, kada a yi sakiya. A kai shi asibiti ran nan.

Na uku, tsoho ya faɗi ya kasa tashi, ƙafarsa ta gajarta, tafinta ya juya waje. Sau da yawa wuyan ƙashin cinya ne ya karye. Wurin yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, karan ɗori ba ya riƙe shi.

Na huɗu allura. Babbar jijiyar ƙafa ta bi ta cikin ɗuwawu, in allura ta taɓa ta, ƙafa na iya shanyewa. Kada ku bari wanda bai koya ba ya yi wa 'ya'yanku allura.

Inda za a nufa

A fara da babban asibitin Ƙaura Namoda, ko na Shinkafi, ko na Zurmi. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, inda har sauya gaɓar ake yi. Wanda ya zo da wuri, sau da yawa magani da sandar dogarawa sun ishe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.