KA SAN ƁARAWON KIFINKA: BAƘIN TSUNTSU MAI NUTSO

Malam manomi, in kana kiwon kifi a kududdufi, ka san akwai mai taya ka ci ba da izninka ba. Shi ne baƙin tsuntsun nan mai doguwar wutsiya da ake gani a fadamun Haɗeja da Nguru, da tafkin Chadi, da Kainji. Masana suna kiransa Microcarbo africanus.

Yadda za ka gane shi

Tsawonsa santimita 50 zuwa 55 ne. Yana da jan ido, da baki mai ƙugiya. Ƙananansa ruwan ƙasa ne, cikinsu fari-fari. In yana iyo, wuyansa da kansa kaɗai za ka hanga sosai. Gashinsa yana shan ruwa, shi ya sa in ya gama nutso sai ya hau reshe ya buɗe fukafukai yana shanya.

Abincinsa da haihuwarsa

A ruwa marar zurfi ya fi farauta. Ƙananan kifi yake kamawa, musamman 'ya'yan karfasa, yana haɗawa da kwaɗi. Babban kifi ya fi ƙarfin maƙogwaronsa. Sukan yi sheƙa da yawa wuri guda, a bishiya ko cikin kachala, sau da yawa tare da balbela. Macen takan yi ƙwai 2 zuwa 4.

Ɓarnarsa

Bayan wanda ya haɗiye, akwai wanda ya suɓuce masa da rauni, ciwo ya shiga. Kuma kashinsa yana iya kawo ƙwan tsutsar da ke shiga cikin kifi.

Abin da za ka yi

1. Ka rufe kududdufin renon 'ya'yan kifi da raga. Nan ne asara ta fi yawa.
2. In kududdufin babba ne, ka ja igiyoyi a kansa kusa-kusa. Tsuntsun yana bukatar fili kafin ya tashi daga ruwa.
3. Ka cire sanduna da busassun rassan da yake sauka a kai.
4. Ka riƙa zagawa da sassafe. Mutum-mutumi kuwa, in ba ka sauya masa wuri ba, zai saba da shi.
5. Kada ka sa guba. Za ta kashe kifinka, ta ɓata ruwan da dabbobinka ke sha.

In kana neman ƙarin bayani, sai ka ga malamin gona na yankinku.