Darasi: Jinya da Haske Mara Zafi

'Yan'uwa manoma, akwai wata na'ura da ake kira leza mai sanyi. Tana haska wurin ciwo, ba ƙuna, ba yanka. Wani likitan ƙasar Hangari, Endre Mester, ya gano amfaninta a 1967, da ya ga gashin ɓerayen da ya aske yana saurin tsirowa bayan ya haska su.

Takan rage ciwon wuya da na jijiya, amma ba ga kowa ba. Ba ta ɗora karaya. Kada a haska ido da ita. In wani ya ce tana warkar da kowace cuta, kada ku sayar da hatsinku dominta. A fara zuwa asibiti tukuna.

Tambaya: Yaya za mu bambanta targaɗe da karaya?