Kafin ka karɓi aikin wucin gadi, tambayi wanda zai biya ka

Da zarar ruwa ya ɗauke, motoci kan fara zarya a Goronyo da Wurno da Rabah neman hannu: masu yashe hanyoyin ruwan da ke fitowa daga madatsar Goronyo, masu gadin kayan kwangila, direbobi, masu lodin albasa da tafarnuwa. Matashi ya ji adadin kuɗi, sai ya haye mota. Wa zai biya shi? Bai tambaya ba.

Biyan kan zo ta hanya biyu. Ko dai kamfanin da ya ɗauko ka ya sa sunanka a takardar albashinsa, ya biya ka da kansa, ko kuma ya miƙa ka ga wani kamfani na uku wanda aikinsa kawai riƙe sunayen ma'aikata da raba musu kuɗi. A Ingila irin wannan na ukun ya zama sana'a mai zaman kanta, suna ce masa kamfanin laima. A nan sau da yawa ɗan kwangila ne da littafinsa a hammata.

Adadin da na ukun ke ambatawa ya fi daɗin ji, to amma a zauna a yi lissafi. A ce na farko ya yi maka tayin naira 80,000, na ukun 90,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. A wurin na farko za ka tashi da kusan 73,600. Na ukun kuwa, in ya cire ladarsa 10,000, ya kuma zare kason mai aiki daga cikin kuɗin naka, abin da zai shigo hannunka bai wuce 67,000 ba. Wannan zarewar ce ta fi ci mini rai, domin nauyin da doka ta ɗora wa mai aiki ne ake juyewa a kan lebura.

Saboda haka ka nemi takarda. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka duba sunan wane ne a sama, don shi za ka kama ranar da albashi ya maƙale. Ka tambaya ko suna da lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da kuma ko suna biyan kashi 1 ga hukumar NSITF, wadda dokar 2010 ta ɗora wa biyan diyya in ka ji rauni a bakin aiki. Kuɗi kuma su shiga asusunka na banki. Saƙon da ke shigowa wayarka shaida ne.

Masu aikin fadama su lura: mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi aikin gona na lokaci-lokaci ko wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Ku yanke lada a gaban shaidu tun ba a taɓa fartanya ba.

Na ukun yana da rana ɗaya: mai yawan sauya wurin aiki zai ga tarihin aikinsa a tattare wuri guda. In ba haka kake ba, ɗan'uwa, ka zaɓi wanda ya ɗauke ka kuma shi ke biyan ka.