Batir ɗin motar ɗaukar marar lafiya: ina yake, yaya ake kula da shi?

A garuruwanmu da yawa motar da ke kai marar lafiya babban asibiti ita ce wadda muke kira kat-kat, mai ja da ƙafafu huɗu. Ita ce ke ratsa rairayi da laka. Ita kuma ke kawo wa ƙungiyar manoma taki da iri. Amma komai ƙarfinta, ba ta tashi sai da batir.

Mu ɗauka cikin dare naƙuda ta yi wa mace tsawo. Ungozoma ta ce a kai ta Maradi ko Damagaram. Direba ya murɗa makulli, mota ta yi shiru. Akwai mai, ƙafafu lafiya lau, amma batir ya mutu. Rai biyu ke nan cikin haɗari. Shi ya sa kula da batir ba aikin direba kaɗai ba ne. Kwamitin lafiya da shugabannin ƙungiya su ma ya kamata su san shi.

Mene ne batir?

Batir akwati ne mai ajiye wuta. Ƙarfinsa bolt 12 ne. A cikinsa akwai ɗakuna 6. Kowane ɗaki yana da faifan dalma da ke jiƙe cikin ruwa mai haɗe da asid. Batir ne ke juya inji lokacin tada mota. Idan inji ya tashi, sai dinamo ya riƙa mayar masa da wutar da ya bayar.

Ina yake?

A yawancin motoci irin su Toyota Land Cruiser da Hilux, batir yana gaba, ƙarƙashin murfin inji wanda direbobi ke kira kapo. Wasu masu shan gazuwal suna da batir 2, kuma duka biyun ake dubawa. A Land Rover Defender kuwa, yana ƙarƙashin kujerar gaba, sai an ɗaga mazauninta ake ganinsa. Mu nemi wurinsa da rana, tun muna cikin kwanciyar hankali. Kada mu bari sai dare ya yi muna lalube.

Batir yana da kai biyu. Mai alamar (+) ya fi kauri, galibi wayarsa ja ce. Mai alamar (−) wayarsa baƙa ce, tana ɗaure a jikin ƙarfen mota.

Kafin mu taɓa shi

Mu kashe inji, mu zare makulli. Mu cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a sha taba kusa da shi, kada a haska ashana ko fitilar kananzir, domin batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, tana iya fasa shi. Kada mu ɗora ƙarfe a kansa. Idan ƙarfe ya haɗa kawunan biyu, wuta za ta yi tartsatsi, ta ƙone hannu.

Idan za mu cire batir, mu fara kwance baƙar waya, sannan ja. Idan za mu mayar da shi, mu fara ɗaure ja, baƙa ta zo ƙarshe. Ga dalili: idan muka fara da ja, kuma abin kwance ƙusa ya taɓa jikin mota, wuta za ta tashi. Idan baƙa ta riga ta fita, wannan haɗari ya kau.

Duba na kowane mako

1. Mu duba ruwa. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, yana busar da ruwan batir da sauri. Mu buɗe marufai 6 ɗin, mu leƙa. Dole ruwa ya rufe faifan dalma. Idan ya ragu, mu ƙara tataccen ruwa wanda ake saidawa domin batir. Kada mu zuba ruwan rijiya ko na tabki, domin gishirin da ke cikinsu yana ɓata batir. Kada kuma mu ƙara asid, tun da ruwa ne ya tafi, asid yana nan. Akwai batir ɗin da aka rufe shi ruf tun daga masana'anta. Irin wannan ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai.

2. Mu duba kawuna. Idan mun ga wani gari fari ko kore ya taru a kansu, shi ke hana wuta wucewa. Mu kwance wayoyi, mu jiƙa kanwa kaɗan cikin ruwa, mu goge da tsohon buroshi. Kanwa tana kashe kaifin asid. Amma mu rufe marufai sosai, kada ruwan kanwa ya shiga ciki. Mu ɗauraye, mu busar, mu ɗaure, mu shafa man giris kaɗan.

3. Mu duba ɗauri. Hanyoyinmu na karkara suna da gargada. Batir ɗin da ke rawa a mazauninsa faifansa na karyewa, jikinsa na tsagewa. Mu girgiza shi da hannu. Idan ya motsa, mu ƙara ɗaure shi.

4. Mu tada mota. Motar da ta daɗe a ajiye, batir ɗinta yana sauka shi kaɗai. Ko babu marar lafiya, a tada ta sau ɗaya a mako, a ɗan yi tafiya da ita.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari: cire batir ɗin mota domin kallon talabijin ko cajin wayoyin salula, da barin fitila ko rediyo a kunne bayan an kashe inji. Wutar da aka sha da yamma, ita za a nema da dare a rasa.

Alamun gajiya

Idan inji yana juyawa da nawa, ko fitilu sun dushe, ko cikin batir ya kumbura, mu kai shi wurin makaniki ya auna. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12,6 idan inji yana kashe. Idan inji yana aiki, awo yakan kai wajen 14. Idan bai kai ba, a duba dinamo da bel ɗinsa. Ya kamata kwamiti ya riƙa ware ɗan kuɗi a asusu, domin sayen sabo tun tsohon bai mutu ba.

Lafiyar jikinmu

Idan ruwan batir ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a tafi asibiti. Tsohon batir kuma ba abin wasan yara ba ne, domin dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. A shekarar 2008, a wata unguwa kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, an gano yara 18 sun mutu saboda dalmar tsofaffin batir da ake fasawa a cikin gidaje. Kada mu fasa shi, kada mu narka dalmarsa, kada mu zubar da ruwansa kusa da rijiya ko gona. Mu mayar da shi wurin mai saida sabo.

Rigakafi ya fi magani. Minti 10 a kowane mako sun isa wannan aiki.

Tambayoyi

1. Wace waya ake fara kwancewa, kuma don me?
2. Wane irin ruwa ake ƙara wa batir?
3. A garinmu, wa ke duba batir ɗin motar, kuma wace rana?