Amsoshin Tambayoyinku: Tsautsayi ne ko Ganganci?

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne, shekara goma sha ɗaya ke nan a kan keke nake zuwa aiki daga Kurna zuwa cikin gari. A watan jiya wani ɗan adaidaita sahu ya sha gabana don ya ɗauki fasinja, ya ci birki, na daki bayansa na faɗi. Gwiwata ta ɗaye, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe. Kafin in miƙe mutane sun taru, kowa yana cewa, "Malam a yi haƙuri, tsautsayi ne." Shi kuwa buɗar bakinsa sai ya ce ai titi ba na keke ba ne. Na haƙura, na gyara kekena da kuɗina, amma abin ya tsaya mini a rai, ga shi 'ya'yana biyu kullum sai sun tsallaka babban titi za su islamiyya. Shin a doka mai keke da mai tafiya a ƙasa suna da haƙƙi a kan titi? Kuma me ya kamata mutum ya yi?

Daga wani malamin makaranta, Kurna, Kano.

AMSA: Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da maganar da ta fi ci maka rai. Titi na keke ne, kuma na mai ƙafa ne, kamar yadda yake na mai mota. Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke bugawa, ya lissafa masu keke da masu tafiya a ƙasa cikin masu amfani da hanya, ya faɗi abin da ke kansu, ya kuma faɗi abin da ke kan direba game da su. Hukumar tana nan tun 1988, kuma dokarta ta 2007 ta tanadi tarar naira 50,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ga wanda aka samu da tuƙin ganganci. In gangancin ya yi sanadin rai, ɗaurin yana iya kai shekara bakwai. Babu inda aka ce sai wanda aka buge yana cikin mota.

Na san a bakin titi akwai hukuncin da kowa ya haddace, wai wanda ya daki baya shi ne da laifi. Sau da yawa haka ne, domin wajibi ne mutum ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa. Amma kai tazararka ka bari, wani ne ya shigo cikinta ya tsaya cak ba sigina. Wanda ya yanko ya sha gaban mutum shi ya cinye tazarar, kuma nauyin abin da ya biyo baya a wuyansa yake.

Yanzu mu zo kan kalmar nan, tsautsayi. Mu musulmi mun yi imani da ƙaddara, babu ja a nan. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mai sakaci nauyinsa ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure, wato wanda bai yi niyya ba sam. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya kuma, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin ƙa'idojin hanya da hukuma ta gindaya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai fa in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba zai iya kauce masa ba, ko kuwa wanda aka buge shi ya jawo wa kansa. To, in wanda ya yi kuskure tsantsa bai tsira ba, ina ga wanda ya yi aron hannu da idonsa biyu?

Akwai ma'aunin da za a iya bambance tsautsayi da ganganci da shi, shi ne gudu. Ka ba ni aron hankalinka mu yi lissafi irin na 'yan ajinka.

Daga lokacin da idon direba ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce, in ma hankalinsa yana wurin. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kimanin mita 8 a wannan daƙiƙar, sannan birki ya ja ta wajen mita 5 a busasshiyar kwalta. Jimla mita 13, tsawon ƙananan motoci uku. Motar da ke gudun 60 kuwa tana cin kusan mita 17 kafin a taɓa birki, sannan ta ja wasu mita 20. Jimla mita 37, tsawon motoci takwas. Ka lura, gudu ninki biyu ya yi, amma jan birki ninki huɗu ya yi. Abin da ya fi ban tsoro shi ne wannan: a daidai inda mota ta farko ta tsaya cak, yaro ya tsira da firgita kawai, direban ta biyu ko birki bai kai ga takawa ba. Da cikakken gudunsa zai same shi. Wannan lissafin ma na mota mai lafiyayyen birki da sabuwar taya ne, ba taya 'yar gwanjo da ta sha rana ta suɗe ba.

Shi ya sa ƙa'idar gudu a cikin gari a Najeriya kilomita 50 ce ga ƙananan motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai ƙafa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. A taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 2020, an nemi a mayar da gudu 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa da masu keke. Irin wannan wurin kuwa shi ne kusan duk titunanmu, daga Bata zuwa 'Yankura, daga Kabuga zuwa Rijiyar Lemo.

Sai waya. Direban da ke gudun 50 in ya sunkuya daƙiƙa biyu kacal don duba wanda ya kira shi, ya shafe kusan mita 28 tamkar idonsa a rufe. Hukumar Lafiyar ta ce mai tuƙi yana waya ya ninka sauran shiga haɗari kusan sau huɗu. A rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara a duniya, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Damuwarka a kan yaran nan tana kan hanya.

Ba ina kare ɗan sahun da ya kayar da kai ba ne, amma sanin halinsa zai amfane ka. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, nauyin jigilar gari ya koma kan adaidaita sahu. Da yawansu ba nasu ba ne, akwai balas da za su kai wa mai shi kullum, ga mai, ga kuɗin cefane. Idon irin wannan direba ba a kan titi yake ba, a gefen titi yake, yana farautar hannun da zai ɗaga. Da ya hango shi sai ya karya kai dama, inda kai kake. Wannan ba uzuri ba ne, domin neman abinci bai halatta jinin kowa ba. Amma in ka san haka, duk sahun da ka gani da sauran wuri a ciki, ka ƙaddara yanzu zai tsaya, yatsunka su zauna a kan birki.

Ga abin da nake ba mai keke shawara. Ka bi hannunka na dama, tare da motoci. Tun 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙin dama, kuma keke ma abin hawa ne. Wasu suna ganin fuskantar motoci ya fi aminci, alhali mai fitowa daga lungu ba ya duban inda bai sa ran kowa ba, kuma in aka yi karo gudunka da nasa ne suke haɗuwa. Kada ka manne da bakin kwata, domin can yashi da ramuka suke, kuma mannewar tana gaya wa direba cewa akwai wurin matsewa ya wuce. Ka bar kamar kamu biyu tsakaninka da motar da aka ajiye, saboda ƙofar da za a banko ba a duba ba. Ka miƙa hannu kafin ka karya. Ka sa fitila fara a gaba, ja a baya, ko da 'yar mai caji ce, ka liƙa abin ƙyalli a feda da bayan sirdi.

Sai babban kashedi: kada ka taɓa kutsawa ta gefen daman tirela ko tifa a mahaɗa ko shataletale. Direban yana can sama, akwai wurin da madubinsa ba ya kaiwa, kuma in doguwar mota za ta sha kwanar dama sai ta buɗe hagu tukuna kamar ta ba ka hanya, sannan tayoyinta na baya su yanko ciki. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Ka tsaya a baya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Game da yara kuwa, ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba. Yana ganinta nesa, bai san cikin daƙiƙa uku ta iso ba. Ga shi gajere, motar da aka ajiye tana ɓoye shi. Kada a bar ƙanana su tsallaka su kaɗai, kuma kada a ɗora wa 'yar shekara takwas riƙon ƙaninta a babban titi. Ka kai su da kanka sau da yawa, ku zaɓi wuri guda da ake hango kowane ɓangare. Su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu, kuma ko a titi mai hannu biyu su duba duka ɓangarorin saboda masu aron hannu. In mota ɗaya ta tsaya musu kada su ruga, sau da yawa ta bayanta ce ke zagayowa da gudu. Inda babu gefen tafiya, mai ƙafa ya bi hagu yana fuskantar motoci, saɓanin mai keke.

Lokacin tashin islamiyya ma abin dubawa ne. Na taɓa tsayawa a bakin wani babban titi dab da magariba cikin hunturu, hazo ya sauko, rabin motocin ba su kunna fitila ba. Yara wajen goma sanye da hijabai masu duhu suka tsaya a kan dakalin tsakiya, babbarsu tana riƙe da hannun biyu, tana sa ƙafa tana janyewa. Ni da nake tsaye da ƙyar nake ganinsu, balle mai gudu yana sauri ya sami jam'i. Ku iyaye ku zauna da malaman makarantar, a sa babban mutum mai riga mai ƙyalli ya riƙa tsallakar da su a tare, a kuma rubuta wa hukumar kula da zirga-zirga ta Kano, wato KAROTA, da ƙaramar hukuma takarda da sa hannun mai unguwa, a nemi zanen tsallakawa da tudun rage gudu. Takardar mutum hamsin ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi.

Mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ga gadar tsallakawa a sama, mu haura shinge a ƙarƙashinta. Ga gefen tafiya, mun cika shi da tebura da janareta da motocin sayarwa, mun tura mai ƙafa cikin kwalta. An yi mana gadojin sama a Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro, mota ta sami sarari, amma mai keke har yau ba shi da layinsa. Wannan magana ce da ya kamata mu riƙa tarar masu neman ƙuri'a da ita.

In kuwa abin ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, lafiya ce farko. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, kyauta ake kira. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Wanda ya bugu a ka ko wuya kada a sungume shi a cusa a sahu yadda aka ga dama, kada kuma a ɗura masa ruwa. Kai da ka miƙe da ƙafarka ma ka je a duba ka, wani ciwon sai dare yake bayyana. A ɗauki lambar abin hawan da hoton wurin, a karɓi lambar wayar shaidu biyu, a sanar da 'yan sanda. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa mai inji inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna, kuma don irinka aka yi ta. 'Yan sahu suna da ƙungiya da shugabanni a tashoshinsu, ana iya kai magana can.

Ban ce kada ka yafe ba, Malam, yafiya halin manya ce. Amma mai haƙƙi shi ke yafewa, ba taron 'yan kallo ba, kuma bayan mai laifi ya amsa laifinsa ake yin ta. Wannan ɗan sahun ya tafi yana ganin titi ba na keke ba ne, domin a ranar babu wanda ya ce masa ba haka ba ne. Gobe ma zai karya kai dama bai duba ba, kuma mai yiwuwa wanda ke wurin bai kai ka ƙwarin ƙashi ba. In ka sake gamuwa da irinsa, ka gaya masa cikin natsuwa, a gaban mutanen nan, ya biya kuɗin gyaran keken, sannan in ka so ka yafe masa ciwon gwiwar.

Allah ya tsare mana ku da yaran, ya kai kowa gida lafiya.